Daga Liyon Zuwa Bakin Teku: Abin Da Duwatsun Faransa Suka Koya Wa Iyalinmu

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilmi, gani kuma ya kori ji. Mun daɗe muna jin ana cewa ƙasar Faransa ta juya wa bangaskiya baya, majami'unta kuma sun zama wurin ɗaukar hoto. Da Ubangiji ya buɗe mana hanya muka je ganin babbar 'yarmu wadda take karatu a birnin Liyon, sai muka ce ba za mu dawo gida da labarin kantuna da dogayen benaye kaɗai ba. Muka yi hayar ƙaramar mota ta kwana shida a ƙarshen watan Oktoba, mu huɗu: maigida, da uwargida, da ita 'yar tamu wadda ƙanenta yake kira Yaya, da shi autan, saurayi ɗan shekara 17. Yaya ce direba, ita ce kuma tafinta. Tuƙi bai ba ta wuya ba, gama su ma hannun dama suke bi kamar mu.

Akwai abin da ya kamata masu karatu su sani game da autan namu. Yana yaro ƙarami aka ƙone majami'armu a wani rikici, ya kuwa ga tokar da idonsa. Tun daga ran nan, duk lokacin da aka yi wa'azin gafara sai mu ga ya sunkuyar da kai yana ƙwaƙular farce. Ba ya musu, amma mun san maganar ba ta shiga. Wannan nauyi muka ɗauka muka shiga mota da shi.

LIYON, INDA AKA FARA

Kafin mu bar Liyon, Yaya ta kai mu wani tsohon filin wasa na Romawa a gefen tudu, a tsakiyar gidajen mutane. A nan ne a shekara ta 177, zamanin sarkin Roma Markus Aureliyus, aka azabtar da masu bi na Liyon da na garin Vienne. Shugaban ikkilisiyarsu, Fotinus, tsoho mai fiye da shekara 90, ya mutu a kurkuku saboda dūkan da ya sha. A cikinsu akwai wata baiwa mai suna Balandina, wadda 'yan'uwa suka ji tsoron ba za ta iya jurewa ba saboda rashin ƙarfin jikinta, amma ita ce ta jure har ƙarshe, tana ƙarfafa wani yaro ɗan shekara 15 mai suna Fontikus. Aka ƙone gawawwakinsu, aka zuba tokar a Kogin Rhône. Yanzu an kafa wani gungumen itace a filin domin tunawa da su.

Auta ya dubi gungumen ya ce, "Baba, ba wanda ya tashi ya kāre su?" Maigida ya ce masa, "Bari mu ci gaba da tafiya tukuna."

Da tsakar rana muka fara karo da abincin ƙasar. Burodinsu dogo ne kamar sanda, bayansa da tauri, cikinsa da laushi, ba sukari ko kaɗan. Ana kawo abinci kashi-kashi, watau ɗan ganye da fari, sa'an nan nama ko kifi, sa'an nan cuku, daga ƙarshe kayan zaƙi. Mutanen Liyon suna son naman alade ƙwarai, saboda haka wanda ba ya ci sai ya riƙa tambaya kafin ya sa hannu. Barkono kuwa babu labarinsa. Allah ya sa uwargida ta yi dabara tun daga gida, ta ƙullo yajinta a jaka. Duk inda muka zauna cin abinci sai ta faki idon masu hidima ta barbaɗa mana.

ƘAUYEN DA YA BUƊE ƘOFA

Kashegari muka nufi kudu maso yamma, muka ratsa Saint-Étienne, hanya ta fara hawa tana lanƙwasa cikin dogayen itatuwa masu duhu. Bayan kamar awa biyu muka fito kan wani faffaɗan tudu mai tsayin kusan mita 1,000, ga shanu jajaye suna kiwo, ga gidajen dutse a warwatse, ga Dutsen Mézenc mai tsayin mita 1,753 ya tokare sama daga nesa. Uwargida ta ce in ba don sanyin ya yi yawa ba, sai ta ɗauka hanyar Fankshin muke. A kan wannan tudu ƙauyen Le Chambon-sur-Lignon yake, wanda ake taƙaitawa a ce Shambon.

Majami'ar ƙauyen ba ta da wani ado. Ginin baƙin dutse ne, a bisa ƙofarta an sassaƙa umarnin Ubangijinmu na ƙaunar juna, wanda muke karantawa a Yahaya 13:34. Daura da ita akwai gidan tarihi da aka buɗe a 2013. A nan Yaya ta yi ta fassara mana har muryarta ta dushe.

A ran 22 ga Yuni 1940 Faransa ta miƙa wuya ga Jamus ta Hitila. Washegari Lahadi, fastocin ƙauyen biyu, André Trocmé da Édouard Theis, suka gaya wa jama'arsu cewa duk lokacin da hukuma ta umarce su da abin da ya saɓa wa bishara za su ƙi, amma da makaman Ruhu za su ƙi, ba da tsoro ko ƙiyayya ba. Da hunturu ya shigo, wata Bayahudiya da ta gudo daga Jamus ta ƙwanƙwasa ƙofar gidan Fasto cikin dusar ƙanƙara. Matar Fasto, Magda, ta shigo da ita ta ba ta abinci. Daga nan abin ya bazu. Manoma da malaman makaranta da masu gidajen baƙi na Shambon da ƙauyukan kewaye suka riƙa karɓar Yahudawa, galibi yara, suna ɓoye su, suna samo musu takardu da sababbin sunaye, suna kuma tsallakar da waɗansu zuwa Suwizalan. Yawancin masu wannan aiki Furotesta ne, amma akwai 'yan Katolika da suka sa hannu. Masana tarihi sun sha bamban a kan yawan waɗanda suka tsira, ƙididdigarsu ta kama daga wajen 1,000 har zuwa 5,000.

Ba a banza suka yi ba. A watan Fabrairu 1943 aka kama fastocin biyu tare da shugaban makarantar ƙauyen, Roger Darcissac, aka tsare su wajen wata guda. A watan Yuni na shekarar 'yan sandan Jamus suka kai samame wani gidan ɗalibai, suka tafi da ɗaliban tare da mai kula da su, Daniel Trocmé, ɗan'uwan Fasto. Ya mutu a sansanin Majdanek na ƙasar Folan a 1944. A 1990 cibiyar Yad Vashem ta Urushalima ta karrama ƙauyen da kewayensa baki ɗaya.

Abin da ya fi taɓa uwargida shi ne batun tukunya. Lokacin yaƙi ne, abinci da kati ake sayensa, ƙasar kuma ba ta da albarka sosai, sai dankalin Turawa da kabeji da ɗan nono. Matan ƙauyen ne suka san yadda suka ƙara ruwa a miya har ta ishi bakin da ba a yi shirinsa ba. Ta ce, "Ashe Zumuntar Mata ce ta yi rabin aikin."

Muka tambayi mai yi wa baƙi bayani abin da ya sa waɗannan talakawa suka yi kasada da rayukansu saboda mutanen da ba addininsu ɗaya ba. Ta nuna kudu da hannu, ta ce kakanninsu ma an taɓa farautarsu, in muna son mu gane sai mu gangara duwatsun Cévennes.

WAKEN LE PUY DA HANYAR DUTSE

Rana ta uku muka biya ta Le Puy-en-Velay, gari ne da ke zaune a tsakanin tsofaffin duwatsu masu aman wuta da suka daɗe da mutuwa. A kan wani tsinin dutse mai tsayin fiye da mita 80 an gina ƙaramar majami'a tun ƙarni na 10, ana hawa da matakala 268. Yara suka hau, mu kuwa manya muka ce gwiwa ba ta yarda ba. Garin ya yi suna da wani ɗan ƙaramin wake shafaffe mai duhun kore, wanda bai fi ƙwayar dawa faɗi ba. Tun 1996 doka ta hana a sayar da wani wake da sunan na Le Puy in ba a yankin aka noma shi ba. An dafa mana shi da albasa da karas. Da yaji ya sauka a kai, maigida ya ce saura manja kawai.

Daga nan muka miƙe kudu, muka hau Dutsen Lozère ta wata mashiga mai tsayin mita 1,541. A can sama ba itace, sai busasshiyar ciyawa da manyan duwatsu mulmulallu kamar an ɗora su da hannu, irin waɗanda muke gani a Riyom. Iska tana kaɗa motar, hanya kuma ƙunci, gefe guda dutse, gefe guda rami. Uwargida ta rufe ido tana addu'a a hankali har muka sauka wani ƙauye a bakin Kogin Tarn mai suna Le Pont-de-Montvert.

INDA HAƘURI YA ƘARE

A kan tsohuwar gadar ƙauyen muka tsaya, Yaya ta ba mu tarihin. A 1598 Sarki Henri na Huɗu ya kafa dokar Nantes, wadda ta ba Furotesta na Faransa, waɗanda ake kira Huguenot, izinin yin sujada. A 1685 jikansa Louis na 14 ya soke dokar. Aka rushe majami'u, aka kori fastoci, aka zaunar da sojoji a gidajen masu bi suna cinye musu abinci suna wulakanta su har sai sun sa hannu sun bar bangaskiyarsu. Wajen mutum 200,000 suka tsere zuwa Holan da Ingila da Jamus da Suwizalan. Waɗanda suka rage suka riƙa taruwa da dare a cikin kogo da kwazazzabai. In an kama taro, maza a kai su tuƙin jiragen ruwan sarki cikin sarƙa, mata a kai su kurkuku, mai wa'azi kuwa a kashe shi.

A daren 24 ga Yuli 1702 waɗansu mutanen duwatsu suka shigo wannan ƙauye suna rera Zabura, suka saki 'yan'uwansu da wani babban limami mai suna du Chayla ya tsare, suka kashe shi kusa da gadar. Da haka yaƙin da ake kira na Camisard ya tashi.

Fuskar auta ta washe. Ya ce, "Yawwa, Baba! Waɗannan su ne maza."

Maigida ya ce wa Yaya ta ƙarasa. Ta ce manoma da makiyaya da ba su wuce 'yan dubbai ba sun hana sojojin sarki sakat har shekara biyu. Amma a cikin haka su ma sun ƙone majami'un Katolika, sun kashe limamai da ƙauyawa, har da mata da yara. Sarki ya rama da abin da ya fi haka: a ƙarshen 1703 aka ƙone ƙauyuka da unguwanni fiye da 400 na waɗannan duwatsu. Kafin 1704 ta ƙare an kashe waɗansu shugabannin, waɗansu sun yi sulhu sun bar ƙasar. 'Yancin sujada kuwa bai samu ba. Auta bai ce kome ba har muka isa Florac muka kwana.

MIYAR TSOHUWA

Rana ta huɗu muka kama hanyar da ta bi ƙoƙuwar duwatsu daga Florac zuwa Saint-Jean-du-Gard, tafiyar kilomita 50 da ɗoriya, wadda sojojin sarki suka yi amfani da ita a wancan zamani. Hagu da dama tuddai ne jere bayan jere, shuɗi-shuɗi, har iyakar gani, gangarensu kuma ya rufe da itatuwa masu ganye ruwan zinariya. Muka yi ta tsayawa ɗaukar hoto, muka manta da gargaɗin da Yaya ta yi mana cewa a ƙauyukan Faransa gidan abinci daga sha biyu ne zuwa ƙarfe biyu, in ya wuce sai bakwai na dare, kantuna ma rufewa suke yi da rana. Ƙarfe uku ta same mu ba burodi ba ruwa.

Muka ratse wata 'yar hanya muka gangara wata unguwa mai gidaje biyar ko shida. Hayaƙi yana fita ta rufin wani ɗan ɗakin dutse, wata tsohuwa kuma tana tsintar waɗansu 'ya'yan itace a ƙasa. Yaya ta gaishe ta da ladabi, ta roƙi ruwa. Tsohuwar ta dube mu ɗaya-ɗaya, ta tambayi ko mun ci abinci. Kunya ta sa maigida ya fara cewa ba kome, amma cikin auta ya riga ya ba da amsa da ƙara. Ta yi dariya, ta ce mu shigo.

'Ya'yan itacen da take tsinta su ne ake kira shatenyi. Suna cikin ƙwanso mai ƙaya kamar bushiya, in an dafa kuma ɗanɗanonsu tsakanin gurjiya da dankali ne. Alkama ba ta yi a waɗannan gangare, saboda haka shekaru aru-aru wannan itace ne hatsinsu, har suna kiransa itacen burodi. Ɗakin da muka ga yana hayaƙi na busarwa ne: a shimfiɗa 'ya'yan a bisa, a hura wuta marar harshe a ƙasa har makonni, sa'an nan a ajiye su shekara guda. Ta ɗumama mana miyar busasshen shatenyi da madara, ta yanka burodi, ta kawo wani ɗan cuku na nonon akuya mai faɗin tafin hannu wanda suke kira pélardon. Warinsa ya sa uwargida ta ja baya da fari, amma daga baya ita ce ta nemi ƙari. Wannan ne abinci na farko da yaji bai fito daga jaka ba.

A wuyan tsohuwar akwai ƙaramin gicciye da kurciya tana rataye a ƙarƙashinsa, alamar Huguenot ke nan. A bisa murhu kuma ga wani tsohon Littafi Mai Tsarki da hayaƙi ya baƙanta. Ta ce 'ya'yanta suna birni, fasto ɗaya ne yake zagaya ƙauyuka da yawa, sau ɗaya a wata ake buɗe majami'arsu, kuma ba su cika benci uku. Da ta ji mu masu bi ne daga Nijeriya sai ta kama hannun uwargida ta riƙe.

Auta ya ce, "Yaya, tambaye ta, ba ta jin haushin waɗanda suka ƙone ƙauyukansu?"

Tsohuwar ta yi shiru kaɗan. Ta ce ba za ta zagi kakanninta da suka ɗauki makami ba, gama ba ta sha abin da suka sha ba. Amma abin da ta gāda daga wurinsu ba bindiga ba ce, ta nuna Littafin, ta nuna tukunyar. Ta ce maƙwabcinta da yake sare mata itacen wuta ɗan Katolika ne. Da za mu tafi maigida ya fito da kuɗi, ta ɓata rai, ta cika wa auta aljihu da shatenyi.

IKKILISIYAR JEJI

Rana ta biyar muka je unguwar Mas Soubeyran kusa da Mialet, inda tun 1911 aka mai da gidan wani shugaban Camisard mai laƙabi Rolland ya zama gidan tarihi. Suna kiran shekarun tsananin nan zamanin Jeji, suna tunawa da shekara arba'in na Isra'ilawa. Mun ga ramin ɓuya a ƙarƙashin kabad ɗin kicin. Mun ga littattafai ƙanana ƙwarai waɗanda mata suke ɓoyewa cikin gashin kansu, da mumbarin wa'azi da ake naɗewa ya koma kamar gangar hatsi, da ƙoƙon Jibin Ubangiji da ake warwarewa gunduwa-gunduwa. A bango an rubuta sunayen waɗanda aka kai jiragen sarki. Kowace shekara, ran Lahadi ta farko ta watan Satumba, dubban masu bi sukan taru a nan su yi sujada a ƙarƙashin itatuwa.

A nan muka koyi cewa a 1715 wani saurayi mai suna Antoine Court, wanda bai wuce shekara 20 ba, ya tara 'yan tsirarun masu wa'azi a wani wurin fasa dutse, suka sāke kafa ikkilisiya a kan koyarwar Littafi, da zaɓen dattawa, da barin makami. Wannan ikkilisiya ta ɓoye ce ta rayu har 1787, sa'ad da Sarki Louis na 16 ya amince da aurensu da haihuwarsu a gaban doka. Shekara 102 ke nan ana jira.

KALMA ƊAYA A KAN DUTSE

Rana ta ƙarshe duwatsu suka ƙare, muka sauka fadamar gishiri ta bakin Bahar Rum, garin Aigues-Mortes. A kusurwar ganuwar garin akwai wata hasumiya mai suna Constance, kaurin bangonta mita 6. A nan aka tsare matan Huguenot. A 1730 aka kawo wata yarinya 'yar shekara 19 mai suna Marie Durand, laifinta shi ne wanta Pierre fasto ne. Shi an rataye shi a Montpellier a 1732. Ita kuwa kalma ɗaya ta musun bangaskiya ta isa a buɗe mata ƙofa, amma ta zauna shekara 38 tana jinyar tsofaffi, tana rubuta wasiƙun neman taimako, tana ƙarfafa masu raunin zuciya. Ta fito a 1768, ta rasu a 1776. A bakin wani rami da ke tsakiyar ɗakin an ƙwarzana kalma ɗaya, REGISTER, wadda a harshen yankin take nufin a tsaya kada a ba da kai. Ana danganta rubutun da ita.

Auta ya durƙusa a wurin ya daɗe. A mota, ba wanda ya tambaye shi, ya ce, "Baba, ashe ƙin ramawa ba tsoro ba ne." Maigida ya ce, "Ba tsoro ba ne, ɗana." Uwargida ta juya fuska wajen taga.

ABIN DA MUKA KAWO GIDA

'Yan'uwa, ba mu ce raunin yaron nan ya warke cikin kwana shida ba. Ba mu kuma ce hukuma ta daina aikinta na kāre rayuka da hukunta masu laifi ba, wannan hakki ne da za mu ci gaba da nema. Amma mun ga jama'ar da ta sha tsanani fiye da shekara ɗari, ta gwada takobi shekara biyu ta girbi toka, sa'an nan ta riƙe bangaskiya a kicin da gindin murhu. Da ranar gwaji ta zo a 1940, jikokinsu suka tuna da zafin farauta, suka buɗe wa waɗansu ƙofa.

Irin wannan ba a Turai kaɗai yake ba. A watan Yuni 2018, a ƙauyen Nghar na ƙaramar hukumar Barikin Ladi, Liman Abubakar Abdullahi ya ɓoye mutum 262, yawancinsu Kirista, a gidansa da masallacinsa, ya tsaya a ƙofa ya hana a taɓa su. Tambayar da ta rage tamu ce. Yaranmu suna jin yadda muke ba da labarin abin da aka yi mana. In wata rana wanda ba namu ba ya ƙwanƙwasa ƙofarsu da dare, labarin da muka ba su zai sa su buɗe ko su ƙara sakata? Sai kowane gida ya karanta Ibraniyawa 13:2 da Romawa 12:17-21 a sujadar iyali ta wannan mako, a kuma bar yara su yi tambayoyinsu.

Shatenyin da tsohuwar ta ba auta mun gasa shi a Liyon daren da za mu rabu da Yaya, muka yi wa tsohuwar addu'a, da 'yar ikkilisiyarta mai benci uku. Muna roƙo ku ma ku tuna da su. Ubangiji ya ba mu zuciyar jimrewa da hannun karɓar baƙo. Amin.